Sunan da Malama Kalsum Ba Ta Kira

Malama Kalsum ba ta kai darasi aji sai ta fara gwada shi a tsakar gida. Maƙwabtanta a gidan hayar da suke zaune a unguwar Agege ta Legas sun saba da hakan. In suka fito da yamma suka tarar da ita tsugune gaban gwangwanayen madara, ta zuba ƙasa a wannan, yashi a wancan, tana tura ƙwayar wake da ɗan yatsa, sun san 'yan aji uku za su yi kimiyya. In kuma marafen kwalba ta baje a tabarma tana raba su kashi-kashi tana magana ita kaɗai, to lissafi ne. Wata rana ta cika baho da ruwa tana jefa abubuwa a ciki, cokali, soso, dutse, ɓawon kwakwa, tana duba mai nutsewa da mai tasowa. Mijinta Barau, wanda ke sayar da albasa a kasuwar Mile 12, ya dawo ya tsaya a kanta.

"Yau kuma cokulan gidan ne suka yi laifi?"

"Matsa min daga haske," ta ce, ba ta ɗago ba.

Mutane suna ɗauka ƙwazo ne kawai. Waɗanda suka san ta da kyau sun san akwai tsoro a ciki. Tun ranar da aka sauke ta a Legas tana amarya daga wani ƙauye na wajen Ɗanbatta, garin bai taɓa kwanta mata ba. Tana tsoron titi, tana tsoron kwata in ruwa ya sauka, tana tsoron yadda mutum zai fita sayen kalanzir a yini ana nemansa. Abin da duk za ta iya aunawa kafin ya same ta, sai ta auna. Tsarin darasinta ma haka yake. Kowane ƙarshen mako takan zauna ta rubuta manufar darasi, da kayan da za a yi aiki da su, da matakan da za a bi ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar da take zaton yaro mai rawar kai zai jefo mata da amsar da za ta ba shi. Ran Litinin ta kai wa hedimasta Malam Shafi'i, ya sa hannu da jan biro.

Makarantar ƙarama ce, ta 'yan unguwa, boko da safe, Islamiyya da yamma. Malamin aji shi ke ɗaukar kusan kowane fanni, don haka kwandon da take riƙewa zuwa makaranta ba ya rabuwa da tarkace: madubi, zare, tsohon agogo marar batir, ganyen mangwaro, kwalin ashana. Yara suna son ajinta saboda ba a yini a zaune.

A wannan ajin, a shekarar da abin ya faru, akwai 'yarta ta fari, Laila.

Malama Kalsum ba ta taɓa faɗin sunan yarinyar ba. A gidansu haka ta taso ta gani. Mahaifiyarta har ta koma ga Allah ba a ji sunan babban wansu a bakinta ba, kuma da a ce a gida aka haifi Laila, da ana yaye ta kaka za ta ɗauke ta. Nisa ne ya bar yarinyar a hannun uwarta. Sai ta riƙe ta, ta kuma riƙe kunyar. In za ta kira ta sai ta ce "ke", in za ta ambace ta ga wani sai ta ce "yarinyar nan" ko "'yar gidan Barau". Ba ta zuba mata ido a gaban mutane, ba ta yabonta, in ta faɗi wani ne zai ɗaga ta. Ita ma Laila ba ta ce mata Umma. Malama take ce mata, a gida da makaranta.

Matan gidan waɗanda aka haifa a Legas suna yi mata tsiya.

"Malama, wannan kunyar taki a tashar mota ya kamata ki baro ta. Nan ko fasinja sai kwandasta ya yi masa ihu yake ji."

Takan yi murmushi ta ci gaba da tankaɗe. Amma an san wanda take ajiye wa ƙanzon shinkafa, an kuma san wanda ake wanke wa hijabin makaranta daban, ba a haɗa shi da sauran kaya.

A aji sun yi wata dabara ba tare da sun taɓa zama sun shirya ta ba. Malama ba ta ƙidaya yara. Takan ce yaro ba buhun albasa ba ne. Sunaye take kira, da ka, kowa ya amsa. In ta zo inda sunan Laila yake sai ta tsallake. In ta gama, Laila da ke zaune a bencin ƙarshe kusa da taga takan ɗaga hannu shiru, ita kuma ta hango hannun ta gefen ido ta gyaɗa kai kamar allo take gyaɗa wa. Shi ke nan an cika.

A zangon karatu na biyu aka zo darasin hanyoyin sufuri. A littafi hoton jirgin ƙasa ne, da mota, da raƙumi. Malama Kalsum ta duba hoton ta ga abin kunya ne a nuna wa yaran Agege jirgi a takarda, alhali ƙararsa ce ke tashin su da asuba. Lokacin ba a katange layin dogo ba. 'Yan kasuwa suna baza kaya har kan ƙarfen, in jirgi ya busa su janye, in ya wuce su mayar. Ta rubuta a tsarinta cewa za ta kai yara bakin layi su ga jirgin da ke tasowa daga tashar Iddo, su ga motocin hayar da ake kira danfo, da keke mai ƙafa uku, da okada, wato acaɓa, a mahaɗar titi, su dawo aji kowa ya zana abin da ya gani, washegari kuma a koya musu yadda ake tsallaka layi.

Malam Shafi'i ya karanta, ya cire tabarau.

"Bakin layi, Malama? Ke da ko titin gaban makaranta sai kin yi addu'a kike tsallakawa?"

"Shi ya sa, Malam. Su suna tsallakawa kullum ba tare da addu'ar ba."

Ya sa hannu, ya ce ta tafi da Baiwa, dattijuwar da ke share makarantar.

Ran Asabar ta je ta taka hanyar da ƙafarta. Ta zaɓi lungun da mashin ba ya shiga, ta zaɓi rumfar wani mai sayar da robobi inda yara za su tsaya nesa da ƙarfen, ta roƙe shi ya amince. Ta jira har jirgi ya wuce don ta ji ƙarfin iskarsa a inda take tsaye. Ta dawo ta ƙara layi ɗaya a tsarin: duk wanda ya rabu da 'yan'uwansa ya tsaya inda yake, kada ya motsa.

Ranar ta zo. Ta jera su biyu-biyu, kowa ya riƙe hannun abokinsa. Yara ba su raba daidai ba, mutum ɗaya ya rage babu abokin riƙo. Ba ta yi dogon tunani ba. Ba za ta bar ɗan wani shi kaɗai ta haɗa tata da aboki ba.

"Ke, koma baya wajen Baiwa."

Laila ta koma.

Har rumfar mai robobi komai ya tafi yadda aka rubuta. Yara suna nuna danfo suna faɗin launinsa, wani ya ce babansa ya fi direban can iya tuƙi, aka yi dariya. Sai jirgi ya busa daga nesa. Abin da ba ta gani ran Asabar ba shi ne cikar kasuwar ranar aiki. Mutane suka taso daga kan layi gaba ɗaya, masu kwanduna a ka, masu baro, masu goyo, kowa yana neman inda zai raɓe, wasu kuma suna rige-rigen tsallakawa can ƙetare kafin jirgin ya iso. Rumfar da ta zaɓa ta cika da manya. Yara biyu suka fashe da kuka, Baiwa ta rungume su. Malama Kalsum ta ware hannuwa ta tare na gaba da jikinta, ƙasa tana rawa a tafin ƙafarta, taragu suna wucewa da mutane har a rufi.

Da ƙarar ta lafa ta janye su zuwa bakin lungu. Ta fara kiran suna. Murtala ya amsa. Mahbub ya amsa. Ummukulsum ta amsa tana sheshsheƙa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta tsallake inda ta saba tsallakewa, ta kai ƙarshe. Kowane suna ya dawo mata da murya. Kunnenta ya ji abin da yake ji kowace safiya.

"Sun cika?" in ji Baiwa.

"Sun cika."

Suka koma makaranta. Yara suka shiga aji suna hayaniya, kowa yana kwaikwayon busar jirgi. Ta ɗauki alli ta juya ga allo ta rubuta kan darasi. Sai gefen idonta ya tafi inda ya saba zuwa. Bencin ƙarshe kusa da taga. Jakar Laila tana nan a rataye. Babu hannu.

Ta ci gaba da riƙe allin a jikin allo. Ta gaya wa kanta yarinyar ta zaga bayi. Ta jira. Ta leƙa bayin, ta leƙa wajen randar ruwa, ta leƙa ajin 'yan ƙanana. Ba ta gan ta ba.

Ta samu Malam Shafi'i a ofis.

"Malam, yaro ɗaya bai dawo ba."

Ya miƙe tsaye. "Wanne?"

Bakinta ya buɗe ya rufe.

"Wanne, Malama? In kira iyayensa."

"'Yar gidan Barau."

Shi ma ɗan arewa ne, bai tambaye ta yadda aka yi ba. Ya ce wa malamin aji huɗu ya riƙe mata yara, ya ɗauki waya ya kira Barau, suka fita su uku da Baiwa.

Tun a lungu suka ji ana maganar. Wata mata mai tallan lemo tana gaya wa wata cewa jirgi ya taka wani abu a gaba kaɗan, mutane sun taru. Malama Kalsum ba ta tsaya jin ƙarshen zancen ba. Ba ta yi gudu ba, don ba ta taɓa gudu a titi ba, amma Baiwa ta ce daga baya ba ta iya cim mata ba.

Mutanen suna nan tsaye a da'ira. Ta kutsa tsakaninsu. A kan tsakuwar layi akwai ja, ya fantsama har jikin ƙarfe, yana sheƙi a rana. Ta tsaya. Duk hayaniyar kasuwar ta koma can nesa kamar an toshe mata kunne da auduga. Ta ga takalmin roba guda ɗaya a gefe. Ta daɗe tana kallonsa kafin hankalinta ya gaya mata na babba ne. Sannan ta ga kwandon da ya tarwatse, ta ji warin tumatir da attaruhu, ta ji wata mata tana zagin mai baron da ya ture mata kaya.

Ta durƙushe a kan tsakuwar. Malam Shafi'i ya ce wa Baiwa ta riƙe ta.

"Tumatir ne, Malama. Tashi. Tumatir ne."

Ta tashi. Amma sauƙin bai daɗe ba, don in ba a nan take ba, to tana ina? Kasuwar ta miƙe hagu da dama, lunguna suna shiga lunguna, motoci suna ɗiban mutane zuwa Ikeja da Oshodi da wuraren da ita ba ta taɓa takawa ba. Duk labarin da aka taɓa bayarwa a tsakar gida na yaran da suka fita ba su dawo ba ya taso mata lokaci guda.

Suka rabu. Malam Shafi'i ya nufi wajen masu danfo, Baiwa ta nufi masallaci don a yi cigiya a lasifika, ita ta bi rumfuna. Mai robobi ya ce bai lura ba, yara duk kayansu iri ɗaya. Mai shayi ya ce ya ga masu shuɗin hijabi da yawa yau. Ta tsaya gaban wata Bayarabiya mai sayar da kifi, ta haɗa ɗan Yarabancin da ta iya da nuni da hannu: yarinya, tsayinta kaza, shuɗin hijabi.

Matar ta amsa da Hausar kasuwa. "Yaya sunan shi? Ka faɗi suna, mu kira."

Malama Kalsum ta sake nuna tsayin yarinyar da hannu.

"Ba ka san suna ba? Ba kai ne malam ɗin shi ba?"

"'Yata ce."

Matar ta ajiye wuƙa ta dube ta daga sama har ƙasa, ta juya ta ce wa maƙwabciyarta wani abu da Yarabanci. Malama ta ji abin da ta ce. Ta wuce.

Sunan yana nan a maƙogwaronta, tana jin sa kamar ƙwayar magani da ta ƙi wucewa. Ta gwada a ranta. Ta motsa leɓe. Shekarun da ta yi tana kauce masa sun sa harshenta bai san hanyarsa ba. Tana tafe tana cewa "ke", "ke", a hankali, kamar mai neman kaza, 'yan mata masu talla suna waigowa suna tsammanin sayayya za ta yi.

Baiwa ce ta same ta, ta miƙo mata wayar Malam Shafi'i. Barau ne. Yana cikin mota, cunkoso ya riƙe su tun kafin su fita daga unguwar Ketu.

"Kin duba gida?"

"An duba."

"Kin kira ta?"

Ta juya ta dubi rumfuna.

"Kalsum," ya ce. Shi ma ba ya yawan faɗin sunanta. "Babu wanda ya san mu a kasuwar nan. Ki kira ta."

Ta miƙa wa Baiwa wayar.

Ta koma rumfar mai robobi, inda aka fara. Ta tsaya daidai inda ta tsaya da safe, ta tilasta wa kanta ta bi abin mataki-mataki kamar yadda take bin darasi. Yarinyar tana baya, ba mai riƙe da ita. Mutane sun taso. Wasu sun raɓe a nan, wasu sun tsallaka. Ƙaramin jiki a tsakiyar masu tsallakawa ba shi da zaɓi. Kuma ita da kanta ta ce wanda ya rabu ya tsaya inda yake. Yarinyar ba ta taɓa saɓa mata magana ba.

Ta ɗaga kai ta dubi ƙetaren layi. Duk neman da suka yi, a wannan gefen suka yi shi.

Can ƙetare akwai jerin rumfuna, da wata mai gasa ayaba a bakin murhu, hayaƙi yana tashi. A bayan hayaƙin, kan wani benci, akwai ɗan shuɗi.

A lokacin jirgi ya busa.

Kasuwa ta sake tashi. Kwanduna suka hau kai, aka fara janye tabarmi. Ɗan shuɗin ya miƙe tsaye. Malama Kalsum ta ga fuskar, ta kuma ga fuskar ta gan ta. Yarinyar da ta yi ta haƙuri tun safe, da ta hango uwarta sai haƙurin ya ƙare. Ta zame daga bencin, mai ayaba ta kai hannu ba ta same ta ba, ta nufo layi da gudu, idonta a kan uwarta kawai, ƙafa ɗaya babu takalmi.

"Ke!" in ji Malama Kalsum. "Ke!"

Kasuwa cike take da "ke". Babu wadda ta waiga. Ƙarfen ya fara rawa, kan jirgin ya ɓullo daga kwana. Yarinyar ta taka tsakuwar farko.

"Laila! Tsaya!"

Baiwa ta ce ba ta taɓa sanin akwai irin wannan muryar a jikin matar ba. Har masu danfo sai da suka juyo.

Yarinyar ta tsaya cak. Ba ta ja baya ba, ba ta ƙara taku ba, ta tsaya baki buɗe tana kallon uwarta kamar wata baƙuwa ce ta yi magana. Mai ayaba ta iso ta fizgo hijabinta ta baya. Jirgi ya shiga tsakaninsu.

Malama Kalsum ba ta ga fizgar da kyau ba. Abin da ta gani na ƙarshe shi ne yarinya a kan tsakuwa. Taragu suka yi ta wucewa. Ta durƙusa tana leƙe ta ƙarƙashinsu, tsakanin ƙafafun ƙarfe, ba ta ganin komai sai walƙiya da ƙura. Ba ta san jirgi yana da tsawo haka ba. Ran Asabar da ta zo aunawa ya wuce nan da nan.

Da na ƙarshe ya wuce, Laila tana zaune a ƙasa jikin zanen mai ayaba, tana riƙe da guntun ayabar da aka ba ta tun ɗazu, ba ta ci ba.

Baiwa ce ta tsallaka ta ɗauko ta. Malam Shafi'i ya yi wa mai ayaba godiya, ita kuma tana faɗa tana nuna Malama da ludayi, tana cewa yarinyar ta ƙi faɗin komai, ta ƙi motsawa, sai dai ta ce malamarsu ta ce a tsaya. Malama Kalsum ba ta rungumi 'yarta ba. Ta duba ƙafar da babu takalmi, ta ce wa Baiwa, "Goya ta, akwai kwalabe a hanya." Amma har suka isa makaranta hannunta yana riƙe da gefen shuɗin hijabin, ta baya, inda take tsammanin ba a gani.

Da yamma Barau ya iso, ya tarar an gama. Ya zauna a bakin ƙofa bai cire hula ba. Laila tana cin tuwo, uwarta tana wanke-wanke ta ba su baya.

"Me ya hana ki yin magana da aka tafi aka bar ki?" ya tambayi yarinyar.

"Na ji Malama tana kiran suna. Da ta gama na ɗaga hannu." Ta ɗaga ta nuna masa. "Wata mota ta tare."

Kwanon da ke hannun Malama ya tsaya a cikin ruwa.

Laila ta cinye lomarta, ta dubi bayan uwarta.

"Malama, ashe kin san sunana?"

Barau ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna motsi, ba a san dariya ce ko wani abu ba.

"Ci abincinki," in ji Malama Kalsum.

Ba a sake jin sunan a bakinta ba. Matan gidan sun yi ta jira, ba su ji ba. Amma tun daga wannan makon kiran suna ya canza a aji uku. In ta gama nata, sai kowane yaro ya faɗi sunan wanda ke kusa da shi da ƙarfi, har a kai bencin ƙarshe. Kuma ba ta sake jera yara ta bar ɗaya babu abokin riƙo ba. In ba su raba daidai ba, na ƙarshe hannunta yake riƙewa, ko ɗan waye. Sauran malamai suka ɗauki tsarin ba tare da sun tambayi asalinsa ba. Malam Shafi'i ya sani, bai faɗa ba.

Rabin darasin na biyu, na yadda ake tsallaka layi, ba a yi shi washegari ba. Ba a yi shi a shekarar ba. Kowace shekara in zangon ya zo takan rubuta kan darasin, ta rubuta manufa, sai ta tsallake zuwa jirgin ruwa da jirgin sama. In jirgi ya busa tana cikin koyarwa takan yi shiru har ya wuce, idonta a bencin ƙarshe, ko da wanda ke zaune a wurin ɗan wasu ne.

Shekaru suka tafi. Aka katange layin, aka yi gada. Laila ta gama sakandare ta shiga kwalejin horon malamai, abin da uwarta ba ta taɓa cewa komai a kansa ba, sai dai an ga ta ba ta tsohon kwandon nan da agogon marar batir. Yara kuwa ba su fasa bi ta inda katangar ta fashe ba, don gada ta yi musu nisa. Malama tana ganinsu in ta je cefane, ta dawo ba ta iya cin abinci.

Bara, kafin ciwon ajali ya kwantar da ita, maƙwabta suka fito da yamma suka tarar da ita tsugune a tsakar gida da kwalayen sukari da zare da marafen kwalba. Ta ja layi biyu da gawayi a kan siminti. Tana ɗaura kwali a bayan kwali.

"Malama, yau kuma me za a koya?"

"Jirgi ne," ta ce. "A filin makaranta za a ja shi. Wasu su zama jirgi, wasu su zama masu tsallakawa."

Ta huda marafen ta yi ƙafafu. Ta ja shi a kan layin gawayin ta ga yana karkacewa, ta kwance ta sake. Ta ce sai ta gwada da yaro na gaske kafin ta kai aji, kuma ta fi son babba mai hankali, don haka za ta jira hutun kwaleji. Ba ta faɗi wanda take jira ba.

Kafin hutun Barau ya kai ta gida wajen 'yan'uwanta, can kuma aka binne ta.

Jirgin kwalin yana kan sif a ɗakinsu har yanzu. Taragu biyu suna da ƙafafu, na ƙarshe babu, marafensa suna ɗaure a leda a cikinsa da ƙusar da take huda su. Tsarin darasin yana ƙarƙashinsa. Ta rubuta manufa, ta rubuta kayan aiki, ta rubuta yadda za a jera yara da yadda mai busa zai busa. Mataki na gaba ta fara shi da cewa malama za ta tsaya a ƙetare ta kira yaro da sunansa, daga nan sauran shafin fari ne.